Stylish ko Stylistic: Yadda Za Ka Gane Wadda Jimlarka Take Buƙata

Gab da sallah, lokacin da masu ɗinki suke ɗora hotunan aikinsu a Instagram da sitatus ɗin WhatsApp, nakan yi ta cin karo da rubutu irin su "stylistic gowns for Sallah" da "stylistic kaftan for men" a ƙarƙashin hoto. Idan kuma na zauna duba takardun ɗalibaina na adabin Turanci, sai in tarar da akasin haka: "The poet uses many stylish devices." Mai ɗinki ta ɗauki kalmar da ta dace da ɗaliba, ɗaliba ta ɗauki wadda ta dace da mai ɗinki. Babu jimlar da ta karya dokar nahawu a cikinsu, shi ya sa waya ko kwamfuta ba za ta ja musu jan layi ba. Amma duk wanda harshen ya zauna a kunnensa zai ji cewa an ajiye kalma a gurbin da ba nata ba.

Turanci nake koyarwa a babbar sakandaren 'yan mata, kuma na daɗe ina bibiyar inda wannan kuskure yake ɓullowa. Mafi yawan masu yin sa sun ɗauka ma'anar kalmomin ɗaya ce, sai dai doguwar ta fi nauyi, ta fi nuna cewa mutum ya yi boko mai zurfi. Don haka idan ana so a burge mai karatu sai a tsallake stylish a ɗauko stylistic. Wannan zaton shi ne abu na farko da za ka cire daga ranka. Tushen kalmomin ɗaya ne, style, wato salo, amma kowacce da aikinta, kuma ɗaya ba ta iya tsaya wa ɗaya.

Stylish kalmar yabo ce. Idan ka jingina ta ga mutum ko riga ko mota ko gida, ka yanke hukunci ke nan cewa abin ya yi kyau, ya tsaru, wanda ya yi shi ya san kan ado. Ita kuwa stylistic ba ruwanta da yabo ko kushe. Abin da take yi kawai shi ne ta nuna ɓangaren da ake magana a kai, wato ɓangaren salo, yadda aka yi abin, a ware shi daga saƙon da yake ɗauke da shi ko kayan da aka yi shi da su. Kamar tef ɗin tela take: yana auna ƙirjin mai kyau, yana auna na mummuna, bai taɓa ce wa kowa ya yi kyau ba.

Dabarar da na ga ta fi saurin zama a kan ɗalibai ita ce su dakata kafin su rubuta, su faɗi abin da suke nufi da Hausa a zuci. Idan abin da ya zo bakinka shi ne "ya haɗu", "ta caɓa ado", "ɗan gayu ne", "ɗinkin ya zauna", "yana da aji", to stylish kake nema. Idan kuwa abin da ya zo shi ne "ta fuskar salo", "na salo", "abin da ya shafi salo", to stylistic ce. Gwada da jimlar mai ɗinkin nan. Me take so ta ce? Riguna masu kyau na sallah. Yabon kayanta take yi, tana kiran masu saye, saboda haka "stylish gowns for Sallah" ya kamata ta rubuta. Abin da ta rubuta da farko, in aka mayar da shi Hausa, zai zama "rigunan da suka shafi salo", maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ita kuma ɗaliba dabarun salo take nufi, irin su kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da maimaita sauti, saboda haka "stylistic devices" ne nata. Da ta ce "stylish devices", abin da zai zo wa Bature a rai shi ne na'urori masu kyan gani, irin sabuwar waya ko agogon hannu.

Wanda ya yi darasin adabin Hausa ya riga ya san wannan bambanci, sai dai bai san ya san shi ba. Idan za mu feɗe waƙa ko labari, mukan duba jigo, mu duba zubi da tsari, sannan mu duba salo da sarrafa harshe. A nan ne malamai suke koya mana cewa salo iri-iri ne: akwai miƙaƙƙen salo, akwai salo mai armashi, akwai tsohon salo, har ma akwai raggon salo, wanda yake sa mai karatu hamma. Ka lura da kyau, raggon salo ma salo ne. Ana iya zama a yi nazarinsa, a ƙirga dogayen jimlolinsa, a nuna inda marubuci ya yi ta maimaita kalma ɗaya ba dalili. Wannan nazarin sunansa "stylistic analysis", ko da rubutun da ake nazarta ba ya karantuwa. Amma a cikin ire-iren salon nan duka, mai armashi ne kaɗai za a kalla a ce masa "stylish writing". Ina jin daɗin wannan misalin ƙwarai, domin yana nuna wa yara cewa abin da suke ganin wahalarsa a Turanci malamin Hausa ya riga ya ba su mabuɗinsa.

Idan Hausar ba ta warware maka ba, sai ka yi gwaji na biyu: sa kalmar very a gaba, ka saurara. "A very stylish cap" ya zauna daram, domin kyau yana da mataki, wata hular ta fi wata. Kana iya cewa "more stylish", "the most stylish", "quite stylish", "not so stylish". To gwada "a very stylistic analysis". Ba ya shiga kunne, domin nazari ko dai na salo ne ko ba na salo ba, babu wanda ya fi wani zama na salo. Irin wannan sifa a Turanci rarrabewa take yi, kamar medical a cikin "medical report" ko financial a cikin "financial year". Ba a cewa rahoto ya fi wani zama na asibiti. Duk lokacin da ka ga hannunka yana shirin rubuta "very stylistic" ko "the most stylistic", to kusan tabbas yabo kake son yi, kuma stylish ce kalmarka.

Akwai kuma gwajin da na fi so, na kalmar aibi. Ɗauko kalma irin su error ko weakness ko flaw ka ajiye a bayan sifar. "A stylistic error" magana ce da editoci da malamai suke yi kullum, ma'ana kuskure ne na salo: jimlar ba ta saɓa wa nahawu ba, amma ta yi nauyi, ko an cusa kalmar hira a cikin wasiƙar ofis. "A stylistic weakness" ma daidai ne. Amma "a stylish error" zai zama kuskure mai kyan gani, abin da ba wanda yake nufi. Da yake stylistic ba ta ɗaukar ɓangare, tana zama da kalmar yabo, tana zama da ta kushe. Stylish kuwa ta riga ta zaɓi ɓangare tun kafin ta shigo jimla.

Daga nan sai ka saba da abokan tafiyar kowacce. Stylish tana bin abin da ido yake gani ya yaba: dress, shoes, handbag, haircut, car, apartment, restaurant, woman, man. Stylistic tana bin kalmomin nazari da rarrabewa: feature, device, analysis, difference, choice, variation, influence, change. Ka duba kuma abin da ake gwama kowacce da shi. Kishiyar stylish ita ce shabby ko old-fashioned ko dowdy, wato kaya marasa fasali ko waɗanda aka daina yayi. Stylistic ba ta da kishiya irin wannan, abokan rabo take da su: thematic, abin da ya shafi jigo, grammatical, abin da ya shafi nahawu, factual, abin da ya shafi gaskiyar bayani. Shi ya sa a sassan Turanci na jami'o'inmu za ka ga ɗaliban ajin ƙarshe suna sa wa kundin bincikensu take mai farawa da "A Stylistic Analysis of" ko "A Thematic and Stylistic Study of". Wanda ya rubuta "A Stylish Analysis" a bangon kundinsa ya yabi aikin kansa ne tun malami bai buɗe ba.

Kada a ɗauka stylish ta tufafi ce kawai, stylistic kuma ta littafi. Wannan rabon yana taimakawa a farko, amma ba ya kai mutum gida. Ɗauki babbar riga. Idan dattijo ya fito ranar Juma'a da farar shadda da ta sha bugu, aikin aska takwas ya kwanta a ƙirji, hula ta zauna, za ka ce "He looks stylish." Idan kuwa mai bincike ya shimfiɗa riguna biyu yana kwatanta aikin masu ɗinkin hannu na Zariya da na Bida, yana duba yawan asake da yadda aka juya zare, abin da yake rubutawa shi ne "stylistic differences in the embroidery". Riga ɗaya ce, amma ɗaya yabawa yake yi, ɗaya rarrabewa. Haka gini. Sabon gida mai gilasai da fitilu a unguwar masu hali ana iya ce masa "a stylish house". Masallacin Juma'a na Zariya kuwa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, idan masana gine-gine suna maganar bakan gizonsa da ginshiƙansa da zanen da ke jikinsu, "the stylistic features of the mosque" suke cewa. Suna iya ƙaunar ginin matuƙa, amma a wannan jimlar lissafa siffofinsa suke yi.

Masu kallon wasanni ma suna jin kalmomin biyu a bakin masu sharhi. Ɗan wasa irin Jay-Jay Okocha, wanda ya taka leda a Bolton daga 2002 zuwa 2006, shi ake kira "a stylish midfielder", domin yadda yake sarrafa ƙwallo yana da daɗin kallo. A damben zamani kuwa za ka ji "stylistic match-up", wato yadda salon faɗan wannan yake karo da salon wancan. Lokacin da Oleksandr Usyk ya doke Anthony Joshua a Landan a 2021, ya kuma maimaita a Jidda a 2022, bayanin da ya fi fitowa fili shi ne Usyk bahago ne mai saurin ƙafa, salon da yake wahalar da dogon ɗan dambe mai dogaro da nauyin naushi. Wannan shi ne "a bad stylistic match-up for Joshua". Ga kalmar bad nan ta zauna kusa da stylistic ba tare da wata matsala ba.

Inda abin ya fi buƙatar natsuwa shi ne wurin da kalmomin biyu suke iya hawa kan suna ɗaya, kowacce ta ba da ma'ana dabam. "A stylish choice" zaɓi ne mai kyau, kamar a ce amarya ta zaɓi leshi ruwan zuma kuma ya karɓe ta. "A stylistic choice" zaɓi ne da mai fasaha ya yi da gangan game da salon aikinsa, kamar marubuci ya ƙi sa alamar zance a cikin labarinsa, ko mai shirya fim ya ɗauki wani sashe da baƙi da fari. Kana iya ƙin zaɓin, amma sunansa bai canja ba. Sau da yawa ma ana faɗar haka ne don kare aiki: wani ya ce wannan kuskure ne, mai aikin ya ce a'a, "it is a stylistic choice", da saninsa ya yi.

Wannan yana da amfani a ofis fiye da yadda ake zato. Ka rubuta rahoto ka miƙa wa oga, ya dawo maka da shi ya ce, "I only made a few stylistic changes." Abin da yake gaya maka shi ne bai taɓa alƙaluma ba, bai taɓa shawarar da ka bayar ba, ya dai gajarta wata jimla, ya sauya wata kalma da wadda ta fi dacewa. Ba cewa yake ya ƙawata maka rahoto ba. Idan kuma takardar yarjejeniya ce, ta haya ko ta kwangila, ɗaya ɓangaren ya dawo da ita ya ce gyare-gyaren "purely stylistic" ne, ina roƙonka ka zauna ka karanta layi-layi. Idan an canja adadin kuɗi, ko ranar biya, ko an cire shall an sa may, wannan ya wuce salo, domin shall tana wajabta abu, may tana barin sa ga ganin dama. Sanin ma'anar kalmar shi ne zai ba ka bakin cewa, wannan gyaran ba na salo ba ne, a mayar da shi yadda yake.

Mai son sanin dalili sai ya dubi ɗafa-ƙeyar da ke jikin kowacce. Wutsiyar -ish tana nufin abu yana ɗauke da halin tushen: childish mai halin yara, foolish mai halin wawa, selfish mai son kai, stylish mai salo a jikinsa. Wutsiyar -istic kuwa sau da yawa tana nufin abin da ya danganci wani fanni: linguistic na ilimin harshe, journalistic na aikin jarida, stylistic na salo. Na ce sau da yawa, domin ba ko'ina take haka ba. Artistic tana iya zama yabo, a ce yarinya "very artistic" ce, haka realistic da optimistic suna karɓar very. Ina kyautata zaton artistic ce ma take jan mutane, su ga tunda ita tana yabo, to stylistic ma za ta yi. Ba ta yi. Wannan abu ne da masu harshen suka saba a kai, kuma sabo ake bi.

Tarihin kalmar ma yana haska wani abu. Style ta fito ne daga kalmar Latin stilus, wani tsinke na ƙarfe ko ƙashi da Rumawa suke rubutu da shi a kan allon da aka shafe da kakin zuma, ɗaya bakin mai tsini don rubutu, ɗaya mai faɗi don gogewa. Daga sunan abin rubutu ma'anar ta koma yadda mutum yake rubutu, kamar yadda mu ma mukan ce wane alƙalaminsa yana da kaifi. Sai daga baya ta faɗaɗa ta shafi sutura da gini da ɗabi'a. Stylish ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 18 tana bin ma'anar ado da yayi, stylistic kuma ta zo a ƙarni na 19 tana bin tsohuwar ma'anar rubutu da nazarinsa. Fannin ilimin da ake kira stylistics ya kafu sosai a farkon ƙarni na 20, kuma ana yawan danganta harsashinsa da Charles Bally, masanin harshe na Geneva kuma ɗalibin Ferdinand de Saussure, wanda ya wallafa aikinsa a kan salon Faransanci a 1909. Shi kuwa tsinken Rumawa bai mutu ba, shi ne stylus, ɗan alƙalamin da ake rubutu da shi a fuskar wasu wayoyi.

Furuci ma ya bambanta, kuma wannan yana iya zama maki a jarrabawa. Stylish gaɓa biyu ce, ana danna ta farko: STAI-lish. Stylistic gaɓa uku ce, ana danna ta tsakiya: stai-LIS-tik. Akwai ƙa'ida mai amfani a nan: kalmar da ta ƙare da -ic, yawanci gaɓar da take gab da wutsiyar ake dannawa, kamar ar-TIS-tic da lin-GUIS-tic da dra-MA-tic. 'Yan kaɗan ne suka fita daga wannan, irin su Arabic da rhetoric da lunatic, waɗanda ake danna gaɓarsu ta farko. A takardar WAEC ta gwajin furuci akwai tambayoyin da ake rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan baƙaƙe a ce ka zaɓi daidai, kuma wannan ƙa'ida kaɗai tana fitar da ɗalibi a wurare da dama. Mu Hausawa harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa a shagon tela muke cewa sitayil. A hirar Hausa wannan daidai ne, kalmar ta zama tamu. Idan Turanci kake yi ne za ka koyi haɗe s da t ba wasali a tsakani.

Wajen rubutu, stylish tana yar da e ɗin style, ba a rubuta styleish. Bayanau ɗin stylistic kuma stylistically ne, da -ally, kamar basically da artistically.

Ƙanwata ɗinki take yi, kuma takan turo mini tallarta ta ce, "Yaya, duba mini wannan kafin in ɗora." Wata rana ta rubuta "our most stylistic abaya yet". Da na ce ta mayar da ita stylish, sai ta ce, "Yaya, ai wannan kalmar ta yi araha, kowa ita yake sawa." Ta yi gaskiya a nan, kalmar ta sha jiki a tallace-tallace. Amma maganin kalmar da ta gaji shi ne a nemo wata mai ma'ana irin tata. Akwai elegant, ga kayan da kyansu yake da natsuwa da kamala. Akwai smart, ga shigar da ta yi tsaf, irin ta zuwa aiki. Akwai classy da chic. Akwai fashionable da trendy, amma waɗannan biyun abin da ake yayi yanzu suke nufi, kuma ba daidai suke da stylish ba: dattijon nan mai aska takwas ba yayi yake bi ba, kakansa ma irin ta ya sa, duk da haka ya fi samari da yawa iya shiga. Abin da ya fi duka, na ce mata, shi ne ta faɗi abin da ke jikin rigar: irin yadin, aikin duwatsun da ke hannu, faɗin ƙasan. Mai saye ya fi son ya ji wannan.

Ga ɗalibai kuma, idan tambayar adabi ta zo a kan salon marubuci, kada a tsaya a kan "The poet uses many stylistic devices" a sa aya. Jimlar daidai ce amma ba ta ce komai ba tukuna. A ambaci dabarar, a kawo layin da ta fito, a faɗi abin da ta ƙara wa ma'ana. Kuma a guji "The poem is very stylistic", wadda nake gani a kusan kowane aji. In yabo ake nufi, a ce "The poem is beautifully written", sannan a kawo hujja.

Sauran dangin kalmar ba su da wuya. Stylist mutum ne: mai gyaran gashi, ko mai zaɓa wa wani kayan da zai sa ya haɗa su, ko marubucin da aka san shi da kyan salo. Stylised, ko stylized a rubutun Amurka, zane ne da aka yi shi bisa wani tsari na musamman ba don ya yi kama da abin sak ba, kamar tsuntsu ko ƙadangaren da masu sassaƙar ƙwarya suke fitarwa da 'yan layuka. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna da sauƙi ta wani gefen, domin stylistique tana daidai da stylistic, élégant ko chic kuma suna daidai da stylish. Inda za su kula shi ne styliste. A Faransanci mai ƙirƙiro samfurin tufafi ake kira haka, kamar Alphadi na Nijar, wanda ya kafa FIMA, bikin baje kolin tufafin Afirka, a 1998. A Turanci irin sa fashion designer ne, stylist kuwa mai haɗa kayan da wani ya riga ya ɗinka ne.

Akwai wani amfani da stylishly da ya zama namu na Nijeriya, kuma ya kamata mai rubutu ya san da shi. Mukan ce "He stylishly left the meeting", muna nufin ya sulale ba a lura ba. Mukan ce "She stylishly asked me for money", muna nufin ta yi ta kewaye-kewaye har ta kai ga roƙon. Wannan ya samo asali ne daga yadda ake cewa mutum ya "use style" a Turancin buroka, wato ya yi dabara. A tsakaninmu kowa ya gane, kuma ba na ganin laifin mai faɗar haka a hira. Sai dai mutumin Ingila ko Amurka ko Indiya da ya karanta jimlar farko zai fahimci cewa mutumin ya fita daga taron cikin ƙasaita da kyan tafiya, kowa yana kallonsa, akasin abin da ake nufi ke nan. Wasu kuma da suka ji ana cewa akwai matsala sai su gyara zuwa "He stylistically left the meeting", wadda ba ta da ma'ana a ko'ina.

Saboda haka a takardar jarrabawa, ko wasiƙar neman aiki, ko bayanin neman gurbin karatu a waje, ka tambayi kanka wace irin dabara kake nufi. In ya fita ne don kada ya katse taro, rubuta "He quietly left" ko "He discreetly left". In wayo ne da ɓoye niyya, slyly ko cunningly. In ta kewaya ne ba ta fito fili ba, "She indirectly asked me for money". In kuma hikima ce ta kiyaye mutuncin wani, kamar yadda uwa take kawar da zancen da zai kunyata baƙo, kalmar ita ce tactfully: "She tactfully changed the subject."